Ranar da Muka Hau Dutsen Zabi da Inna

Tun da muka dawo daga Rusairis ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, wurin mai shayi a tare ni, har ina tsaye a gona mutum zai tsayar da jakinsa ya ce, “Haruna, wai gaskiya na ka kwashi tsohuwa ka kai ta hawan dutse?” Na ba da labarin har ya fara canja kama a bakina, yau dutsen ya ƙara tsawo, gobe na zama jarumi. Shi ya sa na ce gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kafin in fara yarda da ƙarin gishirin kaina.

Wanda bai san ƙasarmu ba, to ƙauyenmu yana kusa da Managil, a yankin Jazira na ƙasar Sudan, kuma shimfiɗe yake kamar faifai. Abin da ya fi komai tudu a wurinmu shi ne bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Kowane manomi yana da hawasharsa, gonar da aka yanka masa, kuma yana da ranar da juyin ruwa ke zuwa kansa. Tafiya kam mun iya ta. Ni nan ina yin wuni a ƙafa ban ce wash ba. Abin da ban taɓa yi ba shi ne tafiyar da ke kallon sama.

Mahaifiyata, Inna, ba 'yar nan ba ce. An haife ta a wani ƙauyen masunta a bakin kogi kudu da Rusairis, ana kiransa Tsamiya Biyu. Aure ya kawo ta wajenmu. Da aka ƙara wa madatsar ruwan Rusairis tsawo aka tashi mutanen ƙauyen, ruwa ya hau kan gidajen da maƙabartar da uwarta ke kwance. Tun daga nan Inna ba ta sake neman zuwa ba, ko sunan garin ta daina ambata.

Sai bana idonta ya fara tafiya. Likita a Madani ya duba ya ce ba yana ba ce da ake cirewa, irin wanda in gani ya tafi ba ya dawowa ne, kuma abin da ya rage mata kaɗan ne. Bayan kwana biyu tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ba tare da ta ɗago ba ta ce, “Haruna, ina son in ga Tsamiya Biyu.”

Na ce, “Inna, ai garin ya shige ruwa.”

Ta ce, “Akwai dutse bayan garinmu, Dutsen Zabi. Muna ɗiya ƙanana maza ka hawa su dawo su ce sun ga gari duka awa tafin hannu. Mu mata ba mu taɓa hawa ba. Kai ni in hau tun ina ganin fari da baƙi.”

Na zaɓi kaka, lokacin da muke kira darat. Ruwan sama ya ɗauke, hanyoyi sun bushe, ciyawa ba ta gama mutuwa ba, rana kuma ba ta fara mugunta ba. Na ji daɗin wayona ƙwarai. Kwana uku kawai gare ni, domin ranar Alhamis juyin ruwa zai zo kan hawashata, kuma wanda ya rasa juyinsa ya san abin da ya rasa. Ranar tafiya, ranar dutse, ranar dawowa. Muka tashi mu huɗu: ni, da Inna, da matata Rakiya, da 'yarmu Amal mai shekara goma sha ɗaya, wadda in ka yi mata Hausa ta amsa maka da Larabci, in ka matsa ta haɗa maka su biyun kamar fate.

Daga Managil muka shiga ƙaramar mota zuwa Madani, daga nan muka hau babbar bas mai zuwa kudu. Na ba Inna gefen taga. Har muka wuce Sinnar goshinta yana jingine da gilashi. Gonakin dawa suna wucewa, kawunansu sun sunkuya da nauyi, can kuma an yanke riɗi an jingina dami-dami yana shan rana. Ban san nawa take gani a ciki ba, ban kuma yi ƙarfin halin tambaya ba. Amal ta yi barci a kafaɗar uwarta, ni ma na yi ta lumshewa ina farkawa, har na rasa gane ko mu ke tafiya ko ƙasar ce ke wuce mu.

A Abu Hujar motar ta yi zafi, direba ya ce kowa ya sauka ya sha iska. Muka zauna kusa da wani mai agashe, tsiren nan namu da duk ƙasar Sudan ta koya daga hannunmu. Inna ta ce wa Amal da Hausa ta rufe kanta, sai mutumin ya ɗago da wuƙa a hannu yana dariya.

“A'a! Ashe 'yan gida na. Daga ina, Hajiya?”

Kafin a jima ya san sunan kakana, ni ma na san cewa ƙanwar matarsa tana aure a ƙauyen da ke bayan namu. Ya ƙara mana nama da albasa, ya aika aka kawo wa Inna shayi mai na'ana'a. Da ya ji abin da ya fito da mu sai ya ajiye wuƙar ya dube ni sama da ƙasa.

“Mutanen Jazira za su hau dutse? Ya zol, bawan Allah, ku da ko jiɓar tururuwa kunka gani sai kun kewaye ta?”

Na ce masa ni mai tafiyar wuni ne. Ya ce, “Tamam, ya yi. Amma in kun isa, ka tambayi masu wurin.” Na amsa da to, irin to ɗin da ke shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Gaba kaɗan akwai shinge inda jihar Sinnar ta ƙare, ta Bahar Azrak ta fara. Wani matashin soja ya shigo yana duba takardu. Ya karɓi ta Inna, ya dubi hoton, ya dube ta, ya tambaye ta da Larabci ko daga ina asalinta yake. Wannan tambayar mu Hausawan nan mun san ta, tana da doguwar wutsiya, daga ita sai a ce kai baƙo ne. Inna ta gyara zama ta ce masa cikin Larabcin da ya fi nawa tsabta, “Ɗana, a bakin kogin nan aka binne cibiyata, tun hanyar nan da kake tsaye a kai tana daji.” Yaron ya yi murmushi ya ce, “Marhaba, haboba,” wato maraba da kaka, ya miƙa mata takardarta da hannu biyu. Bayan mun wuce ta ce a hankali, “Yaron kirki na. Yunwa ag gare shi.” Ta yi ta jin haushin ba ta ba shi sauran agashen ba.

La'asar sakaliya muka isa Damazin, muka haye kogi zuwa Rusairis. Ƙanen Inna, Kawu Bello, yana jiranmu a tasha. Shi da aka tashi garinsu ya ƙi zama a sabon garin da aka gina musu, ya ce ba ya kwana a garin da lamba ce sunansa, ya dawo Rusairis yana sayar da kifi. Da suka haɗu ba su rungumi juna ba, ba su yi kuka ba. Ta kama kunnensa ta ce ya tsufa, ya ce ai ita ta riga shi.

Mutanen can suna da abubuwan da suka ba ni mamaki. Mu in za mu yi kwatance sai mu ce tur'a ta kaza, layi na kaza. Su kuwa sai su ce ka wuce giginya uku, ka bar kuka a hagunka. Mu ruwa muke jira a ba mu, su ruwa ke zuwa da kansa ya tafi da kansa, ya bar musu laka su shuka. Kifi kuma safe, rana, dare, har Rakiya ta raɗa mini cewa ko shayinsu ƙarni yake. Amma ta ci asida, wato tuwon dawa, da miyar kifi har ta nemi ƙari, ta kuma cika gefen mayafinta da gwaiba daga bishiyar tsakar gida.

Bayan cin abinci muka zauna ƙarƙashin rumfa, ni da Kawu, don a zaɓi hanya. Ya ce abu uku ne. Akwai yawo a bakin tafki, ƙasa lumui, ko jariri ya yi, amma ba abin da za a hango. Akwai babban dutse can gabas wanda daga kansa ana ganin duniya, amma wannan na samari ne. Sai Dutsen Zabi, wanda Inna ta ambata, ƙarami ne, kuma hanya biyu gare shi: ɗaya ta fuskar yamma, gajera, ta miƙe tsaye zuwa sama, ɗaya ta kewaya ta baya, ta ninka waccan sau uku ko huɗu.

Ban ko tsaya tunani ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, da mace, da yarinya, duk ba wanda ya taɓa hawa, wa zai ɗora musu doguwar hanya? A wurinmu gajerar hanya ita ce mai sauƙi, tun ina yaro haka na sani. Na ce gajerar za mu bi. Kawu ya sosa gemu ya ce shi dai a kwalekwale ya girma, rabonsa da dutsen tun yana saurayi, amma yana jin kamar mutane sun fi bin ta baya. Na ce mutane suna da lokaci, mu wuni ɗaya gare mu.

Da Inna ta tashi yin alwalar magariba, Kawu ya matso ya rage murya.

“Haruna, mi yas sa kunka zo yanzu? Wanga watan hazzan, wato madatsa, cike yake maƙil. Da bazara kunka zo, ruwa ya ja baya, ana ganin kututturan tsamiyoyin, har da tushen masallaci. Yanzu ko kun hau, ruwa kawai za ku gani.”

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ni da kowace shekara nake jiran labarin cikar madatsa in yi hamdala, saboda cikarta ita ce alkamata da gyaɗata, ban taɓa haɗa wannan da garin Inna ba ko sau ɗaya. Bazara kuwa saura wata biyar ko shida, kuma likita bai yi mana alkawarin wata biyar ba. Na roƙi Kawu kada ya gaya mata. Na yi sallar magariba ban san abin da na karanta ba.

Da asuba Kawu ya tafi karɓar kifi, ya haɗa mu da wani mai a-kori-kura da ya sauke mu a gindin dutsen, ya ce zai dawo kafin faɗuwar rana. Hazo na kwance a kan ciyawa, zabi suna kuka a wani wuri da ba mu gani. Dutsen daga ƙasa ba wani abin tsoro ba ne. Na dube shi da idon manomi na ce bai fi tsawon hawasha biyu ba, kafin shayi ya huce muna sama. Inna ta ce, “Hangen Dala ba shiga birni ba.” Ita da ba ta taɓa ganin Dala ba, haka ta gaji maganar daga kakanninta.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi, amma na yi alkawarin gaskiya. Hanyar ta fara da tsakuwa mai zamewa, ta koma duwatsu da sai ka sa hannu. Ƙarangiya ta kama mayafin Rakiya tun daga ƙasa har ƙugu, tana cirewa tana ambaton sunana ba da alheri ba. Takalmin Amal ya tsinke. Ni mai tafiyar wuni, ƙirjina ya fara bugawa kamar ana daka a ciki, cinyoyina suna rawa. Inna kuwa ina riƙe da hannunta, tana laluben kowane dutse da ƙafa kafin ta taka, ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Da muka kai wani falalen dutse da ya kai ƙirjina tsawo, ta tsaya, ta shafa shi da tafin hannu, ta zauna a gindinsa. Ko rubu'in hanya ba mu yi ba.

Ta daɗe tana mayar da numfashi. Sannan ta ce, “Kalas, ya isa, Haruna. Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Mu koma.”

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tsaya ina kallon sama ina kallon ƙasa, kunya da baƙin ciki sun cika ni. Har wata zuciya ta ce mini ai gara haka, ta koma da garinta a cikin kai yadda ta san shi, ba sai ta sha wahala ta tarar da ruwa ba. Muka sauko a hankali, kusan a zaune, hantsi ya riga ya ɗaga.

A gindin dutsen muka tarar da wata Bafillatana ta sauke ƙwaryar nono a inuwa tana hutawa. Ashe tun ɗazu tana kallonmu. Ta gaishe da Inna, ta dube ni, ta yi tambaya da Hausarta mai karkata, “Wa ya nuna muku hanyar birai?”

Rakiya ta nuna ni da baki.

Matar ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce wannan hanya ba mai binta sai birai da 'yan farauta. Ta ce, “Ku kewaya baya. In kun ga kashin shanu, ku bi shi, kada ku bar shi. Saniya mai ciki ba ta hawa inda zai wahalshe ta. Inda ta bi, tsohuwa za ta bi.” Akwai ciyawa mai kyau a saman dutsen, in ji ta, kullum shanunsu can suke wuni.

Na dubi Inna. Ta sha nonon da matar ta ɗebo mata a ludayi, ta goge baki, ta miƙo mini hannu. “Tashi mu bi shanu, tunda bin mutum bai yi ba.” Rakiya ta ɗaure takalmin Amal da bakin ɗankwali, muka kama hanya.

Wannan hanya ta biyu, har yau in na rufe ido ina ganinta. Ba ta miƙe ko sau ɗaya ba. Ta yi dama, ta yi hagu, ta bi gefen dutsen kamar ba sama za ta ba, har na fara zargin matar ta yi mana wasa. Sai da na waiwaya na ga kan giginyoyi a ƙarƙashinmu na gane ashe hawa muke. Ciyawa ta kai kafaɗa, ta fara yin ja, iska tana kaɗa ta tana wani sauti kamar ana sheƙar hatsi daga nesa. Amal ce a gaba, ita ce mai neman kashin shanu, in ta gani ta yi ihu, “Haboba, ga wani!” Ban taɓa ganin an yi murna da kashi haka ba.

Duk inda inuwa take muka zauna. Inna ta fara miƙa hannu tana tsinko ganye, ta murza, ta kai hanci. “Wanga kargo na. Wanga geza. Amal, taho ki shaƙa, wanga da shi Innata ka yi muna turaren tufafi.” Amal tana maimaita sunayen ɗaya bayan ɗaya, tana karya su, Inna tana gyara mata. A wata inuwar muka ci gurasa da gwaibar Rakiya. A wata muka yi azahar da ruwan gora. Wani garken zabi ya ratsa gabanmu a guje, uwa da 'ya'ya, Inna ta ce ta gan su, ta ga abu yana motsi. Tafiyar ta zama kamar ta cikin mafarki, ba gajiya sosai, ba sauri. Ni kaɗai nake ɗauke da dutse a ciki, domin kowane taku yana kai mu kusa da abin da na ɓoye.

Da muka kusa kaiwa na kasa daurewa. Na tsaya na ce, “Inna, akwai abin da ban gaya miki ba. Kawu ya ce ruwa ya cika. Ba a ganin komai na garin. Laifina ne, ni na zaɓi watan.”

Ba ta ko tsaya ba. Ta ce, “Ni da anka haifa bakin kogi, kai za ka gaya man watan cikar ruwa? Tun muna gida na sani. Riƙe ni da kyau, akwai tsakuwa.”

Saman dutsen fili ne mai ciyawa, shanu kamar goma suna kiwo, ko kallonmu ba su yi ba. Muka ratsa su zuwa baki. Sai ga ruwa. Ban taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba, ya tafi har inda ido ya gaji, rana ta karkata tana zuba a kansa yana ƙyalli. Kwalekwale biyu can nesa kamar ƙwayar riɗi. Rakiya ta ce subhanallahi ta zauna a ƙasa.

Inna ta tsaya, ta sa hannu ta kare goshi. Sannan ta ce, “Ina ganin haske. Amal, ara man idonki. Akwai wani ɗan tudu cikin ruwa, mai farin dutse a kai?”

Amal ta duba ta ce, “Fi, haboba. Akwai. Jazira ƙarama,” wato tsibiri.

“Ba jazira ba ta, wurin shanyar kifinmu na. Kama hannuna ki nuna shi.”

Amal ta ɗaga hannun kakarta ta saita shi. Daga nan Inna ta karɓi abinta. Ta ja yatsa kaɗan zuwa dama ta ce nan tsamiyoyin suke. Ta ƙara ja, nan masallaci, nan gidan Sarkin Ruwa, nan gidan su Ta Annabi mai ƙosai wadda ba ta ba yaro gyara. Nan rijiyar da Bello ya faɗa. Nan gidanmu, ƙofarsa tana kallon gabas. Tana faɗa tana dariya, tana kiran mutane da sunayensu kamar yanzu za su leƙo. Mu muna kallon ruwa fetal, amma wallahi sai da na fara ganin lunguna. Amal tana bin yatsan tana maimaitawa, kuma a karo na farko na ji ta yi dogon zance da Hausa ba ta sa Larabci ba, tana tambaya ina yara suke wanka.

Daga ƙarshe yatsan ya tsaya a wani wuri, hagu da tudun. Inna ta sauke hannu, ta gyara lulluɓi, ta yi wa mamata sallama, ta yi wa uwarta addu'a a hankali. Muka shafa tare. A nan ne na ga hawaye, ba da yawa ba, ta share da gefen mayafi.

Muna zaune, can ta ce, “Haruna, wanga ruwan ina yake zuwa?”

Na ce yana bin kogi zuwa Sinnar, daga nan a juya shi cikin manyan hanyoyin ruwa.

“Har hawasharka?”

“Har hawashata, Inna.”

Ta gyaɗa kai. “Ashe shekara da shekaru gida ka biyo ni, ni ina fushi da shi.” Sai ta ce mu tashi kada mai mota ya gaji.

Saukowa muka bi shanun da kansu, domin lokacin komawarsu ya yi. Suna gaba muna baya, mu da su duk ba mai sauri. Kawu Bello da ya ji labarin hanyar birai ya yi dariya har ya ƙware, ya ce zai ba 'yan kasuwa labari. Washegari muka kamo hanya, mai agashen Abu Hujar yana hango ni ya ɗaga wuƙa ya ce, “Ka tambayi masu wurin?” Na ce na tambaya, amma sai da na fara tambayar kaina. Rakiya kuwa har yau in muka yi gardama sai ta ce, “To, mai gajerar hanya.”

Don haka masu tambayata wace hanya za su bi in sun kai iyali can, ga amsa: ku je da kaka, ku tashi da wuri, ku bar matan gida su sa takalmi mai igiya, ku nemi kashin shanu ku bi. Kada ku auna dutse da hawasha.

Ranar Alhamis na ɗauki fartanya zan tafi buɗe ruwa, sai na ga Inna a bakin ƙofa da lulluɓinta, Amal na riƙe da hannunta. Rabonta da gona ya fi shekara biyar. Ban tambaye ta ba, na rage sauri muka tafi tare. Na sare bakin ƙaramar hanyar ruwa, ruwan ya shigo ja da laka, yana tura busasshen ganye a gabansa, kamar yadda ya saba kowane juyi tun ina yaro. Inna ta ce a zaunar da ita a bakin kunya. Ta laluba ta tsoma hannu har wuyan hannu, ta bar shi a ciki ruwan yana ratsa yatsunta.

Ta ce, “Sannunku da hanya.”

Ni kuma na juya baya na kama gyaran kunyar da ba ta lalace ba.